Yarona ya haddace jadawali amma lissafin labari yana kayar da shi

Ummu Bilal, Jidda:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Ɗana yana aji huɗu na firamare, ya haddace jadawalin sau har gidan 12, yana kuma zuwa tahfizi bayan la'asar, amma da zarar an ba shi tambayar da aka rubuta cikin labari sai ya kwashi lambobin da ya gani ya tara su, ba tare da ya karanta ƙarshenta ba. Riyal 500 nake iya warewa a wata. Akwai cibiyar da ke koyar da lissafi da ka ta hanyar allon ƙwallaye (abakus), akwai kuma wata malama da ta ce aikinta shi ne ta sa yaro ya faɗi yadda ya yi tunani kafin ya rubuta amsa. Wanne zan zaɓa kafin a koma makaranta?

Abu Sadik, Makka:
Wa alaikumus salam. Ki sa shi tahfizi, domin hadda tana buɗe ƙwaƙwalwa.

Malam Abu Hafsa, Madina:
Ai ta ce yana zuwa, Abu Sadik. Ummu Bilal, allon ƙwallaye sauri yake ƙara wa yaro, naki kuwa saurin ne ya yi masa yawa. Tun 1945 masanin lissafi George Polya ya tsara matakai huɗu: a fahimci tambaya, a tsara hanya, a bi ta, sannan a waiwaya a duba amsa. Gwada shi da wannan: alhazai 50 ne, kowace mota tana ɗaukar 14, mota nawa ake buƙata? Yawancin yara za su rubuta uku saura takwas. Kada ki ce masa ya yi kuskure, ki tambaye shi inda za a bar mutum takwas ɗin, sai ki ga da kansa ya goge ya rubuta huɗu. Idan malamar irin wannan take yi, ki ɗauke ta.

Hajiya Inna, Makka:
'Yata, ki yi hattara da malaman gida. Na ɗauko wa jikata wani wanda bakinsa ya fi zuma, ya karɓi kuɗin wata uku tun bai fara ba. Kullum aikinta a Madrasati, dandalin karatun makarantu na intanet, cikakke, muna ta sa masa albarka, ashe shi yake karɓar wayar ya danna amsoshin tana gefe tana cin burodin tamis. Ranar jarrabawa yarinya ta dawo da kuka, ta ce takardar ba ta yi kama da komai ba. Muka neme shi, aka ce ya bar ƙasar. Har yau idan an ce lissafi sai cikinta ya murɗa, ubanta kuma bai daina ɗora mini laifi ba.

Ummu Rayyan, Jidda:
Allah ya saka miki, Inna. Nawa ya karɓa? Ni riyal 50 nake biya kowace awa.

Hajiya Inna:
Riyal 900 a wata, kuma ni nake ba shi shayi.

Abu Sadik:
Babu malamin kirki da zai fito a ƙasa da 100 kowace awa. Riyal 500 kuwa ko cibiyar ba za ta ishe ta ba.

Ummu Rayyan:
Cibiyar unguwarmu 350 ce, har da littafi. Malam Abu Hafsa, ka yi haƙuri, amma a Kano ka koyar, kuma da Turanci. Yaranmu da Larabcin littafi ake tambayarsu, a titi suna jin na Hijaz, a gida muna yi musu Hausa. Watakila yaron kalmomin ne bai gane ba.

Malam Abu Hafsa:
To ai matakin farko ke nan, Ummu Rayyan: a sa shi ya maimaita tambayar da Hausa. Idan ya kasa, an gano inda ciwon yake. Wanda ya koyar da aji guda ya ga abin da mai 'ya'ya uku ba ta gani ba.

Baban Walid, Riyad:
Na gwada wa nawa tambayar alhazan, ya ce mutum takwas ɗin su hau jirgin ƙasan Haramaini. Ina ganin wannan ya wuce mataki na huɗu.

Ummu Rayyan:
Mu bar wasa, matsalar tana cikin makarantun. An shigo da darasin tunani mai zurfi a 2021, amma a aji uku na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, yake farawa, lokacin da yaro ya riga ya saba da hadda. Sati guda kafin jarrabawa kuma sai malami ya turo takaitawa ta WhatsApp, tambayoyi da amsoshinsu, yaro ya haddace ya ci maki cikakke. Sai ya isa jarrabawar Ƙudurat ta neman shiga jami'a asiri ya tonu.

Hajiya Inna:
Takaitawar ma mu muke biyan kuɗin buga ta a maktaba, wato shagon littattafai.

Ummu Bilal:
Na gode, amma har yanzu ban ji wanda ɗansa ya taɓa zuwa irin wannan cibiyar ba.

Abu Sadik:
Malamin ɗana bana takaitawa mai shafi 30 ya turo, daren jarrabawa bayan isha'i.