Neman kalma kafin gobe: halin da kifin ado ke shiga a sabon akwati

Mai Shirin Kiwo: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 zan ɗauki shirin rediyo kan kifin ado, irin wanda ake zubawa a akwatin gilashi. Takardar da likitan dabbobi ya ba ni da Turanci take, kuma kalmar stress ta tsaya mini a wuya. Ga bayanin: mutum ya sayi akwati yau, ya cika ruwa, ya zuba kifi nan take. Kashin kifin da ragowar abinci sai su riƙa sakin amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, alhali bakteriyar da za ta cinye ta ba ta gama zama a matatar ruwan akwatin ba, sai an yi sati 4 zuwa 6. A tsakanin nan kifi yakan daina ci, ya tsuke fikafikai, ya laɓe bayan dutse, ko ya taso sama yana haki. Cuta ba ta kama shi ba tukuna, lafiya kuma ba ta ishe shi ba. Na rubuta damuwa, na soke.

Mai Tarwada: Hajiya, gara da kika soke. Wa zai yarda kifi na da abin da ke cin ransa? Mu in an kawo 'ya'yan kifi daga nesa cewa muke sun galabaita.

Ɗalibar Hausa: Yaya, galabaita ai sai abu ya kai maƙura. Wannan tun ranar farko yake farawa. Ni takura nake gani. Kifi ya takura, ruwan ya takura masa, a rage masa takura. Tana lanƙwasuwa ta ko'ina.

Tsohon Malami: Takura kalmar gida ce da kasuwa, suruka ma tana takura wa mutum. Ilimi yana son kalmar da aka keɓe masa. Ga tawa: hana-sukuni. Ƙirarta ƙirar fasa-ƙwauri ce da hana-salla, ba wanda zai ce ba Hausa ba ce. Na shekara ina ba ɗalibaina ita, ba wanda ya taɓa tambayata ma'anarta.

Na Damagaram: Allah ya gafarta Malam, Faransawa da duk kishin harshensu le stress suke cewa. Tun binciken masanin kimiyya Hans Selye kan wannan hali, wanda ya fara fitowa a 1936, kalmar ke shiga harsuna yadda take. Mu ce sitires mu wuce, kamar yadda muka karɓi asibiti da mota.

Tsohon Malami: Wannan lalacin ne ke kashe mu. Da an bi ta taku da ba a sami ƙanjamau ba, kalmar da aka ciro daga ƙanjamewa, yau har yaro ya san ta.

Na Damagaram: Ta nan sida ake cewa, kuma ba wanda ya rasa ganewa. Kullum sai a yanke magana a Kano a aiko mana, kamar mu ba da Hausa aka yi mana wasan yara ba.

Tsohon Malami: Ni ban ambaci Kano ba, ɗana. Amma ka faɗa mini littattafai nawa aka buga da kalmar taka.

Mai Shirin Kiwo: Baba, don Allah ku yi haƙuri, dare na yi. Bari in faɗi abin da ya sa nake jin tsoron kalmar. Mai saurare in ya ji wani suna mai kama da sunan cuta, kanti zai nufa ya sayo magani ya juye a ruwa, wani maganin ma ya kashe 'yar bakteriyar da ta fara zama. Alhali abin da ake so ya yi daban ne: ya auna amoniyar da ke cikin ruwan, ya canja kamar kashi ɗaya cikin huɗu da ruwan da aka cire wa kulorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo), ya rage abinci, ya dakata da ƙara kifi. Akwai lokacin magani, in ya ga ɗigo-ɗigo fari a jikin kifin kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jiki da duwatsu. Wannan ƙwayar cuta ce ta gaske, kuma ta fi samun kifin da ruwa ya riga ya raunana. Ina son kalmar da za ta sa mutum ya fara duban ruwansa. Sitires a kunnen mai sauraro sunan ciwo ce.

Ɗalibar Hausa: To Baba, da girmanka, hana-sukuni mai aikatawa take nunawa, kamar yadda fasa-ƙwauri ke nuna aikin. Amoniya ce hana-sukuni, da kulorin, da cunkoso, da ruwan da ya yi sanyi farat ɗaya. Kifin shi aka hana. Ba za a ce kifi yana da hana-sukuni ba.

Tsohon Malami: Sai a ce yana cikin rashin sukuni.

Mai Tarwada: Ranka ya daɗe, wannan ai kowa na faɗa, ba ƙirƙira ba ce kenan.

Mai Shirin Kiwo: Ga yadda na rubuta: "Ruwan sabon akwati yakan takura wa kifi. Alamomin takura su ne ƙin ci, tsuke fikafikai da haki a saman ruwa." Inda takardar ta jero musabbabai kuma na sa "abubuwan hana-sukuni". Sau ɗaya ta fito.

Tsohon Malami: Ba wurin da na yi mata tanadi ba kenan, kuma har yanzu ina ganin takura ta yi faɗi da yawa. Amma ki sa karan tsakiya a rubuce, kada a raba mini ita gida biyu.

Na Damagaram: Masu sayar da kifin dai sitires za su ci gaba da cewa. Hajiya, me kika kira matatar kanta? Mu filta muka sani.