Kuɗin haya ya zo, hannu bai cika ba: ina mafita ban da bashin waya?

Tela Agege: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ɗaci. Mai gidan da nake haya ya ƙara kuɗin ɗaki da falo daga dubu 250 zuwa dubu 400 a shekara, saura mako uku wa'adina ya cika. Abin da ke hannuna dubu 230 ne. Wata manhajar bashi ta ce za ta turo min dubu 150 yau-yau, in mayar da dubu 195 bayan kwana 30. Ɗinki kuwa kun san yadda yake in ba Sallah ta gabato ba. In karɓa, ko akwai wata hanya?

Mai Shayi Obalende: Wa alaikumus salam. Malam Tela, kada ka soma. Ni na shiga da ƙafata, ba labari aka ba ni ba. Shekara biyu da suka wuce na nemi dubu 40 don in cika kuɗin madara da sukari. Da alat ya shigo dubu 34 na gani, wai an cire kuɗin aiki, kuma kwana bakwai aka ba ni. Na makara da kwana biyu kacal, sai kira ya fara shigowa tun asuba, wannan ya zage ni, wancan ya yi min barazana. Abin da ya fi ƙona min rai, sun tura saƙo ga duk lambobin da ke wayata cewa na gudu da kuɗin kamfani. Har surukina da ke Funtuwa sai da ya samu. Don in rufe bakinsu na ci bashin wata manhajar na biya ta farko, kafin in ankara wuri huɗu ake bina. Wata biyar na yi kafin in fita, kuma har yau akwai mutanen garinmu da nake jin nauyin haɗa ido da su.

Baban Khalifa: Allah ya kiyaye gaba, Mai Shayi. Malam Tela, ka yi lissafin da kanka. Dubu 45 a kan dubu 150 kashi 30 cikin 100 ke nan a wata ɗaya. Wace sana'a ke ba da wannan ribar a wata? Kuma waɗannan kuɗin ba jari za ka yi da su ba balle su haihu, mai gida za ka miƙa wa ya sa a aljihu. Ranar da kwana 30 suka cika daga ina dubu 195 za su fito? In ba ka da amsar wannan yau, ba za ka same ta ranar ba.

Tun 2022 hukumar kare masu sayen kaya, wato FCCPC, ta wajabta wa masu ba da bashi ta waya yin rajista, kuma tana fitar da sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta. A 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobin waya da hotunan mutane. Shi ya sa marasa gaskiyar yanzu ta WhatsApp ko saƙon tes suke turo maka hanyar sauke manhajarsu. Duk wadda ta zo ta nan a guje ta. Amma ko mai rajistar ce, rajista ba ta rage maka kuɗin ruwa.

Malam na Idi-Araba: Kafin a kai ga lissafi ma, a tuna hukunci. Ka karɓi 150 bisa sharaɗin ka mayar da 195, wannan shi ne cin kuɗin ruwa da Alƙur'ani ya haramta. Shi bashi ba abin kunya ba ne, hanji ne yana cikin kowa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta, a yanke lokaci, a sa shaidu. Mu ne muka bar rubutun saboda kara, sai rikici ya yi yawa, masu hali suka daina rantawa, talaka ya koma hannun 'yan waya.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, ni ta wani gefen zan ɓullo. Ka zauna da mai gidan kuwa, ko ejan ne ya kawo maka takarda ka karɓa ka yi shiru? Shekarata 26 ina haya a Legas, daga Mushin zuwa Ketu, ban taɓa biyan ƙari ba tare da na je na zauna da mai gida ido da ido ba. Yarbawa mutane ne masu son girmamawa. Ka sami dattijo ɗaya a unguwa wanda yake jin yarensu, ku je da yamma, ka rusuna ka gaishe shi, ka ajiye abin da ke hannunka a gabansa ka ce sauran a ba ka wata uku. Kuɗin da mutum yake gani da idonsa yana da wuya ya mayar. Shi ma ya san in ka fita sai ya yi fenti, ya gyara, ɗakin ya zauna wata ɗaya ko biyu ba kowa. Kuma kada ka miƙa ko sisi sai da rasit.

Ɗan Lauya Ikeja: Maganar Hajiya ita ce ta farko da za a bi. In ƙara da abin da doka ta ce don ka je da ƙarfin gwiwa, ba don ka je da faɗa ba. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce mai biyan shekara-shekara, in ba ku rubuta wata yarjejeniya daban ba, sai an ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kwano ko watso kaya waje, sai ta hanyar kotu. Dokar ta kuma ba ɗan haya damar kai ƙara in ƙarin ya wuce hankali. Agege na cikin wuraren da dokar ta shafa, Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ne aka ware. In magana ta ƙi daɗi, akwai Citizens' Mediation Centre ta ma'aikatar shari'a ta jiha, sasanci suke yi kyauta, kuma rikicin haya na cikin abin da suka fi gani. Ka fara duba takardar da ka sa wa hannu lokacin shiga, da ita za a yi aiki.

Tela Agege: Wallahi ban zauna da shi ba, Hajiya, ejan ne ya kawo takarda. Gobe in sha Allah zan nemi limamin masallacinmu ya raka ni, yana jin Yarbanci sosai. To bankunan Musulunci fa? Na ji ana cewa ba sa karɓar ruwa.

Baban Khalifa: Haka ne, akwai Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021. Sai dai ka fahimci tsarinsu. Galibi ba tsabar kuɗi suke miƙa maka ba. Abin da suka fi yi shi ne murabaha: su sayi kaya, su sayar maka da ribar da kuka amince tun farko, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, farashin ba ya ƙaruwa. Wannan ya dace da ranar da za ka sayi keken ɗinki na lantarki ko injin aiki. Za su nemi tarihin shige da ficen asusunka da wanda zai tsaya maka, kuma mako uku ya yi kaɗan ga wanda bai taɓa hulɗa da su ba. Abin da nake ba ka shawara, ka buɗe asusun yanzu, kuɗin ɗinki su riƙa bi ta ciki, don ranar da za ka nema su ga sawunka.

A kuma sani, tun Agustan 2020 Babban Banki ya fito da tsarin GSI. In ka ci bashin banki ka sa hannu a kan wannan tsarin ka ƙi biya, ana iya cire kuɗin daga asusunka na wani bankin ta lambar BVN. Sauya banki ba ya ɓatar da bashi.

Auta Alaba Rago: Yaya Tela, akwai wani dandali da abokina ya nuna min, in ka zuba dubu 200 bayan kwana 20 sai su zama 300. Da ka sa naka ai da an wuce wurin.

Ɗan Canji Broad Street: Auta, goge wannan maganar. Haka aka ce da MMM har ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016. Haka aka ce da CBEX har ta rufe a Afrilun 2025. Kuɗin sababbin shiga ake ba na farko, ranar da masu shiga suka ragu a kulle. Kuɗin haya na mai iyali kake so a kai can? Ka ce wa abokin naka ya zare nasa tun da sauran dama.

Maman Ummi: Ni tambayata ɗaya ce, Malam Tela, matarka ta san halin da ake ciki? Yawancin maza sai su ɓoye, su yi ta rama, mace na gani ba ta san dalili ba. Mu mata ba ma rasa ɗan abin da muka ƙulle, ko adashi ko ɗan kunne. In ta ba ka, rance ne, dukiyarta ce, ka rubuta ka biya ta kamar yadda za ka biya bare. Da yawa abin da ya sa mata suka daina fito da nasu ke nan, an karɓa an ce za a mayar, shiru har yau.

Sannan a duba cefane. Mu gida huɗu ne a layinmu muke haɗa kuɗi farkon wata, mutum ɗaya ta je kasuwar Mile 12 da sassafe ta ɗauko kwandon tumatir da tattasai da albasa, mu raba, mu niƙa mu tafasa mu ajiye. Shinkafa da wake ma buhu muke saye mu raba, ba awon derika kullum ba. Kuɗin mota sau ɗaya ake biya. Wanda bai gwada ba ba zai gane yawan abin da sayen kullum-kullum ke ci ba.

Direba Apapa: A yi hattara da adashi dai. Ni zubi tara na yi na dubu 20 duk mako, saura biyu in ɗauka, uwar adashin ta ce ta tafi gida jinya. Har yau wayarta a kashe.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya mayar maka da alheri. Amma laifin ba na adashi ba ne, na shiga da wanda ba a san shagonsa ba ne. Namu na kasuwa shekara 11 ke nan, mutum goma ne, kowa da rumfarsa, akwai littafi, kuma sabon shiga shi ne na ƙarshen ɗauka. Ranar zubi ita ce ranar kwasa, kuɗi ba sa kwana a hannun kowa.

Ɗan Canji Broad Street: Malam Tela, in an wuce wannan, ga abin da nake so ka riƙe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haya a Legas sau ɗaya ake biya a shekara, amma kullum take cinka. Raba dubu 400 gida 365, kusan naira 1,100 ke nan a rana. Ka cire su kafin cefane, kafin aike gida, kafin kati. In alajo za ka ba, mai zagayawa karɓar ajo na Yarbawa, ka sani zubin rana ɗaya a kowane wata nasa ne, wato 13,200 a shekara. Ni na fi son asusu na daban wanda ba shi da katin ATM, ba a kuma haɗa shi da waya ba. Tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya zuwa miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans, to ajiyar irinmu tana ciki. Kuma kuɗin ɗinkin Sallah biyu, rabinsu na haya ne tun kafin su shigo. Mutanen gida ma a gaya musu gaskiya. Suna ganin duk wanda ke Ikko a kan kuɗi yake kwana, mu kuma kunya ta hana mu cewa babu.

Tela Agege: Salam. Jiya bayan la'asar muka je da Liman. Baba mai gidan ya ce ƙarin ba zai sauka ba, amma ya yarda in ba da dubu 300 yanzu, dubu 100 bayan wata uku, kuma ɗansa ya rubuta mun sa hannu. Na yi magana da maiɗakina kamar yadda Maman Ummi ta ce. Ta yi fushi da ban gaya mata da wuri ba, sannan ta ce ɗaukar adashinta mako mai zuwa ne, za ta ranta min dubu 20. Saura dubu 50. Manhajar kuwa na goge ta.

Alhaji na Abatuwa: Ina ta karantawa ban ce komai ba. Yaro, tunda ka je ka zauna da mutumin, ka kuma gaya wa iyalinka, zan ba ka dubu 50 ɗin. Ba ƙarin ko kwabo. Ka biya dubu 10 duk wata, amma sai ka gama da mai gida tukuna, kada abu biyu su haɗe maka. Malam na Idi-Araba zai rubuta, Ɗan Canji da Liman su yi shaida.

Tela Agege: Allah ya saka da alheri, Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma da buɗi. Yaushe zan zo?

Alhaji na Abatuwa: Ranar Juma'a bayan an sauko, ka same ni Oko-Oba wajen 'yan shanu. Ka taho da takardar mai gidan in gani.