Wace kalma za mu ba "maikoraiza" da Hausa?

Jama'a barkanmu da warhaka. Masu fassara da malaman gona ku matso, wata kalma ce ta tsaya mana a wuya, maikoraiza. Bayani ake shiryawa na rediyo kan kachala, doguwar ciyawar ruwan nan, a dausayin Haɗeja da Nguru, kuma ba ma son mai gabatarwa ya jefa wa manomi kalmar da ko shi kansa sai ya yi in'ina kafin ya faɗe ta.

Ga abin da ake nufi tukuna. Wata irin funfuna ce a cikin ƙasa, ido ba ya ganin zarenta, takan kutsa cikin saiwar tsiro ta zauna sannan ta miƙa zare siriri can inda saiwar ba za ta kai ba ta jawo sinadarin fosfaras da ruwa ta ba tsiron, shi kuma ya biya ta da sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana. Wani Bajamushe Albert Frank ne ya raɗa sunan a 1885, kalmomin Girkanci biyu ya liƙa, ɗaya funfuna ɗaya saiwa, shi ke nan fa. Wajen kashi 80 cikin 100 na nau'o'in tsirran doron ƙasa suna da wannan hulɗa, dawa da gero da masara da wake duk suna ciki, kabeji dai ba ruwansa.

To me ya haɗa ta da kachala? Da can masana sun ɗauka ba ta iya zama a ƙasar da ruwa ya kwanta don babu iska, daga baya aka riƙa samun ta a saiwar tsirran fadama har da ita kachalar, wadda jikinta ke da ramuka kamar soso suna kai iska har ƙasa. Yawan funfunar kan sauya da hawa da saukar ruwa. Mu kuwa tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwan ya daina zuwa ya janye yadda ya saba, ya zauna rani da damina, kachala ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ga tsuntsun jan-baki ya samu wurin kwana.

Yanzu ga abin da aka kawo zuwa yanzu.

Wani ya ce "naman kazan saiwa". Ni ban yarda ba, irin da ke saiwar dawa da kachala ba ta fid da naman kaza ko laimar kwaɗi sam, wata iri ce ta manyan itatuwa ke yin haka. Ka ce naman kaza mutum zai je yana dube-dube a gindin kara.

"Kaucin saiwa" kuma wannan ƙazafi ne, kauci ci kawai yake ba ya ba bishiya komai.

Hajiya ta kawo "aminiyar saiwa", kuma wallahi tana da daɗin faɗa, kowa ya so ta. Amma ranki ya daɗe aminiyar wa? Ita funfunar ba ta tambayar ko gero ne ko ciyawar da ta addabe ka, duk wanda ya ba ta sukari za ta yi masa aiki, in tsiro mai mamaya ya fi iya ciniki da ita to shi za ta ƙara wa ƙarfi. Sannan inda taki ya yi yawa a ƙasa tsiron ba ya buƙatarta sosai, wani lokacin ma sukarin take sha a banza. Ku duba ma wani abu, sinadarin da saiwar dawa ke fitarwa don kiran funfunar nan in fosfaras ya yi ƙaranci, shi ɗin dai ƙwayar wuta-wuta ke ji ta tsiro. Harkar ba ta amana ba ce ciniki ne, kada mu cusa yabo a cikin suna.

Ni dai ina kan "funfunar saiwa". Na ji ƙorafin Malam cewa da an ce funfuna manomi zai tuno ruɓaɓɓen tuwo ya ɗauko maganin feshi, gaskiya ne, amma jimla ɗaya ta isa gyara wannan, a ce zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke da tsiron. Sunan halittar daban, sunan zaman daban.

Saura ɗaya kafin a tashi. Don Allah a daina rubuta "baƙon tsiro" a kan kachala, 'yar gida ce, tana nahiyar nan tun fil azal, ruwan da aka sauya wa ɗabi'a ne ya ba ta dama. Baƙuwa ita ce irin kainuwar nan mai fure shuɗi-shuɗi da ta zo daga Kudancin Amurka. "Tsiro mai mamaya" ya ɗauke su duka biyun.

To a rubutun rediyo za mu sa funfunar saiwa da tsiro mai mamaya. Mutanen Gashuwa da Damagaram, in akwai sunan da tsofaffinku ke kiran funfunar nan ta cikin ƙasa ku faɗa kafin Alhamis a shiga ɗauka.