Me NMR ke gani a jikin tRNA da eksire bai nuna ba?

Autan Yelwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina digiri na biyu a nan Bauchi, kuma ranar Alhamis zan gabatar da semina kan binciken surar tRNA, wato ƙaramar RNA mai kai amino asid wajen ƙera furotin a cikin ƙwayar halitta, da na'urar NMR, mai amfani da maganaɗisu wajen gano atam-atam na sinadari. Ni dai NMR ɗin da na sani ita ce ta samfurin ganyen sabara: a narka shi a kulorofom, a aika, a dawo mana da takarda mai tsinaye daga 0 zuwa 8 ppm, wato ma'aunin inda kowane tsini yake fitowa. Jiya na kwana kan zanen tRNA ta yis, har fitilar wayata ta mutu, sai na ga masu binciken sun fi mayar da hankali tsakanin 10 da 15, inda a tawa takardar fili ne fetal. Ga malamina ya jefo min tambaya: tun 1974 su Alexander Rich a Amurka da su Aaron Klug a Ingila suka nuna da eksire cewa tana da siffar harafin L, to me NMR ta ƙara? Na yi tsit kamar ruwa ya cinye ni. Don Allah a agaza.

Dakta ta Tudun Wada:
Wa alaikumus salam ƙanena, daga Gombe. Tambayar malaminka mai kyau ce, kada ka ji haushinsa. Eksire sai an daskarar da tRNA ta zama kiristal, kamar ka ɗauki hoton yaro an ce masa kada ya motsa. NMR kuwa a cikin ruwa take kallonta, tana juyi abinta.

Batun 10 zuwa 15 kuma, lissafa da kanka. tRNA ta yis mai ɗaukar amino asid ɗin fenilalanin haruffa 76 gare ta, wato tubalan da aka jera ta da su irin su A, C, G da U, kowanne da sukarinsa, kowane sukari da haidurojin birjik. Duk sun cunkushe tsakanin 4 da 6 kamar kasuwar Wunti ranar jajiberin salla, ba ka gane na wane. Amma kowane G da kowane U yana da haidurojin guda a kan naitirojin, wanda ake kira imino. Idan harafin ya kama abokinsa, G da C ko U da A, wannan haidurojin yana ɓuya a tsakaninsu, sai ya fito can nesa shi kaɗai: na G da C wajen 12 zuwa 13 da rabi, na U da A wajen 13 zuwa 15. Idan bai kama kowa ba, musanya yake yi da ruwa da sauri, sai ya ɓace. Ka ga tsini ɗaya, haɗi ɗaya. Ashirin da 'yan kai ke nan maimakon ɗaruruwa. Kearns da Patel da Shulman ne suka fara ganinsu a 1971, shekara 3 kafin hoton L ɗin ma.

Abin da ya fi burge ni shi ne ka ɗumama samfurin sannu a hankali, ka ga tsinayen suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ka san wane reshen tRNA ɗin ya fara buɗewa. Ka zuba magnesiyom, su daɗe ba su faɗi ba. Kiristal ba zai ba ka wannan ba.

Mai Safar Hannu:
Dakta ta gama magana, ƙari ɗaya zan yi. Kada ka kuskura ka ce a semina ana narka ta a zallan ruwa mai nauyi, D2O. Ditiriyom zai maye gurbin imino ɗin, ka tashi da takarda fara tas. Kashi 90 ruwa ne na ainihi, 10 mai nauyi, sannan a danne siginar ruwan da dabara. Kuma RNA ba ta da juriya. Na taɓa taɓa bakin kwalba da yatsa ba safa, aikin sati uku ya lalace, don fatar mutum na ɗauke da sinadarin da ke yayyanka ta.

Autan Yelwa:
Allah ya saka da alheri, Dakta. Kaina ya waye. To amma ta yaya ake sanin wannan tsinin na wane haɗi ne? Ai babu suna a goshinsa.

Dakta ta Tudun Wada:
Amin. Nan wahalar take, an kwashe shekaru ana gardama a kai. Alfred Redfield na cikin waɗanda suka warware ta da dabarar NOE: ka taɓa tsini ɗaya, maƙwabcin haidurojin ɗinsa da nisansa bai wuce angistirom 5 ba (ma'aunin tazara tsakanin atam) ya amsa, sai ka bi reshen mataki-mataki. Wajen farawa mai sauƙi shi ne haɗin G da U, don shi imino biyu gare shi, tsakanin 10 da 12. Yanzu kuma ana kiwon bakteriya da gishirin amoniyom mai naitirojin 15, sai a ma'aunin naitirojin G su taru wajen 147 ppm, U wajen 160, an raba gardama.

Ka kai wa malaminka wannan: a 2019 ayarin Barraud da Tisné a Faransa sun zuba tRNA cikin ruwan ƙwayoyin yis a cikin na'urar, suka kalli yadda ake yi mata gyare-gyare bi da bi, harafi na 55, sai 54, sai 58. Ka turo min abin da ka shirya kafin Laraba in duba.