Kwamfuta ta ƙi ganin hotsifot, zaure ya kaure kan "sabuwa"

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wallahi yau raina a ɓace yake. A ce mutum ya tara kuɗin guminsa ya sayi sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, amma ta ƙi ganin hotsifot ɗin wayarsa, wato intanet ɗin da waya ke rabawa ta Wi-Fi? Na kunna, na kashe, na sake kunnawa, shiru. Abin haushin ma, tana ganin Wi-Fi ɗin kemis ɗin da ke kallon gidanmu, tana ganin tsohuwar wayar maiɗakina mai fasasshen gilashi, amma tawa da na saya bana ko sunanta ba ya fitowa. Ga sakamakon jarrabawar ɗalibai ina son turawa kafin azahar ɗin gobe. Ni dai na yanke hukunci: masu sayar da kwamfuta a ƙasar nan cutarmu suke yi. Wanda zai ji haushi ya ji.

Anti Malama: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita Baban Ummi. To me ya hana ka yi aikin da wayar Maman Ummi, tunda ita ana ganinta?

Baban Ummi: Anti, datar wata guda na zuba a tawa. Tata kuwa ko ta gaisuwa babu a ciki.

Alhaji Mai Kwamfuta: Malam, kafin ka yi mana kuɗin goro, ina da tambaya ɗaya. Ka ce sabuwa. A kwalinta ka karɓe ta, da ledarta da takardar garanti?

Baban Ummi: Ba kwali Alhaji, amma dal take. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Mai shagon ya ce daga Landan ta zo, lamba ɗaya.

Alhaji Mai Kwamfuta: To ai ka ji. Ta hannu ce. Ka daina cewa sabuwa.

Baban Ummi: A wurina sabuwa ce, tunda ban taɓa riƙe ta ba sai yanzu.

Kawu na Sabon Gari: Hahaha! Gwanjo ce kawai ɗana, ka faɗi gaskiya ka huta.

Alhaji Mai Kwamfuta: A'a Kawu, nan kuma ban yarda ba. Gwanjo daban, ta Landan daban. Gwanjo ita ce wadda ta zaga hannu biyar a garin nan, an buɗe cikinta, an sauya batir, an liƙe murfi da gam. Ta Landan kuwa daga ofis take fitowa, mutum ɗaya ya yi aiki da ita a cikin sanyi, babu ƙura, babu wutar janareta. Ta fi sabbin yanzu masu jikin roba ƙarko nesa ba kusa ba.

Kawu na Sabon Gari: Kai ka ga ofishin da idonka?

Ɗan Poli: Iyayena ku gafarce ni. Baban Ummi ya riga ya faɗi abin da ke nuna matsalar, ba a lura ba ne. Tunda kwamfutar tana ganin na kemis da na tsohuwar waya, Wi-Fi ɗinta lafiya lau yake. Wi-Fi zango biyu gare shi da aka fi amfani da su, 2.4 GHz da 5 GHz. Tsofaffin kwamfutoci da yawa na farkon kaɗai suke kamawa, sabbin wayoyi kuma wasunsu a kan na biyun suke buɗe hotsifot. Kamar rediyo ce mai FM kaɗai, ko ka kwana kana murɗawa ba za ta kamo gajeren zango ba. Baba, ka shiga saitin hotsifot a wayarka, ka nemi inda aka rubuta AP Band, ko Extend compatibility a wasu wayoyin, ka mayar da shi 2.4. Sai ka kashe ka kunna.

Injiniya: Kai yaro, ba haka ake gyara ba. Direban Wi-Fi ɗin, wato manhajar da ke tafiyar da shi, shi ne ya lalace. Baban Ummi, kawo ta shago gobe da safe a yi mata fomatin, a goge komai a zuba sabon Windows, shi ke nan.

Ɗan Poli: Yaya, da direba ne ai da ba ta ga ko ɗaya ba. Kuma fomatin zai iya tafiya da sakamakon ɗaliban nan da yake son turawa.

Injiniya: Tun kana firamare nake buɗe kwamfuta. Kar ka koya mini aiki.

Baban Ummi: Ku tsaya tukuna. Ɗan Poli, tsohuwa ka kira kwamfutar tawa? Wato kai ma ka bi sahunsu Kawu?

Ɗan Poli: Ba zagi ba ne Baba. Juya ta ka duba ƙasanta, akwai wata 'yar takarda a manne?

Baban Ummi: Akwai wata mai sheƙi, gefenta ya ɗan ɗago, an rubuta Windows 7 da wasu lambobi da suka fara gogewa.

Kawu na Sabon Gari: Inna lillahi! Windows 7 fa a 2009 ya fito, a 2012 aka kawo na 8. Wannan amaryar taka ta girmi Ummi.

Alhaji Mai Kwamfuta: Takarda ba hujja ba ce. Ana sauya murfin ƙasa.

Kawu na Sabon Gari: Ɗazu ka ce ta Landan ba a buɗe ta, yanzu kuma an sauya murfi? Zaɓi ɗaya Alhaji.

Anti Malama: Ni dai tambayata, idan bazawara ta yi sabon aure ba amarya ake ce mata ba? Ku ƙyale bawan Allah ya kira kayansa abin da yake so.

Alhaji Mai Kwamfuta: Anti, ba sunan ne ya dame ni ba. Ya ce ya sayi sabuwa an cuce shi. Duk wanda ya karanta zai ɗauka mun sa ruɓaɓɓen abu a kwali mun ba shi. Kuɗin da ya biya ba kuɗin sabuwa ba ne, shi ma ya sani. Ya faɗi nawa ya saya in ya isa.

Baban Ummi: Ba zan faɗa ba. Sirrina ne.

Mai iPhone: Duk wannan wahalar Android ce ta jawo muku. Mu da mun kunna hotsifot komai ya kama, ba mu san wani zango ba.

Ɗan Poli: Ba haka ba ne abokina. Tun daga iPhone 12 da ta fito a 2020 akwai maɓallin Maximize Compatibility a shafin Personal Hotspot, aikinsa ke nan, ya sauko da kai 2.4 saboda tsofaffin na'urori. Kuma sau da yawa sai ka bar shafin a buɗe kafin kwamfuta ta gan ka.

Mai iPhone: Ni ban taɓa taɓa shi ba.

Kawu na Sabon Gari: Taka ta nawa ce?

Mai iPhone: Wannan ba shi ne batun ba.

Kawu na Sabon Gari: Ita ma ta Landan ce ke nan. Sannunku 'yan Landan.

Mai iPhone: Kawu, ko ta hannu ce ta fi wadda kake dannawa da ƙarfi kamar kana ƙwanƙwasa ƙofa.

Shugaban Zaure: A kiyaye harshe don Allah. Akwai manya a nan.

Ɗan Poli: Baba, akwai hanyar da za ka tabbatar ba sai an yi gardama ba. Buɗe Command Prompt, baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta netsh wlan show drivers. Ka duba layin Radio types supported. In ka ga 802.11b da g da n kaɗai, mai yiwuwa 2.4 kawai take kamawa. In akwai 802.11a ko 802.11ac a ciki, tana kama 5, sai mu nemi wani dalilin, kamar ko an ɓoye sunan hotsifot ɗin a saiti. Kuma a bambance abu biyu: rashin gani daban, gani a kasa shiga daban. Na biyun sau da yawa tsarin tsaro ne, waya tana kan WPA3 wanda ya zo a 2018, tsohuwar kwamfuta kuma WPA2 ta sani. Shi ma a wayar ake sauya shi.

Injiniya: Ka ga irin ta. Za ka sa dattijo ya shiga baƙin allo ya ɓata kwamfutarsa. Duk a intanet kake kwaso waɗannan.

Ɗan Poli: Umarnin nan nunawa kawai yake yi Yaya, ba ya sauya komai.

Kawu na Sabon Gari: Wai ni Injiniya, wa ya naɗa ka? Kana da rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ne, ko dai sukundireba da burushin goge ƙura ne shaidar?

Injiniya: Kawu, ina ganin girmanka. Ranar da wayarka ta faɗa kwata wa ka kawo wa? COREN ɗin ce ta busar maka da ita?

Kawu na Sabon Gari: Ka busar, sifika ta mutu har yau.

Injiniya: Ka biya kuɗin sifika ne?

Anti Malama: Jama'a, mutum yana da aikin gobe kuna ta tone-tone. Baban Ummi, igiyar cajin da ke hannunka ma ta isa. Soka ta a kwamfuta, ka kunna USB tethering a waya. Haka nake yi a makaranta, wayar ma tana caji a lokacin. Sai dai ka tabbatar igiyar mai ɗaukar bayanai ce, don wasu masu araha caji kaɗai suke yi.

Baban Ummi: Na gode Anti, amma ba wannan ne ya kawo ni ba. Ni so nake a yarda an cuce ni. An ce mini daga Landan take.

Ɗan Poli: Baba, dubi maɓallin lamba 3. Wace alama ce a samansa?

Baban Ummi: Alamar nan ce mai layi biyu a tsaye biyu a kwance, wadda muke dannawa a ƙarshe in za mu duba kuɗin waya.

Ɗan Poli: To tsarin Amurka ne. Na Ingila alamar fam ce a wurin, £.

Kawu na Sabon Gari: Allahu akbar! Ba sabuwa ba, ba kuma 'yar Landan ba. Saura mu ji ba kwamfuta ba ce.

Alhaji Mai Kwamfuta: Landan suna ne na kasuwa, kowa ya sani. Yadda ake cewa mota Beljiyam ko daga Jamus ta taso. Ta Amurka ma ai ta fi ƙarfi.

Ɗan Poli: Hakan ma yana da alaƙa da matsalar. A zangon 2.4, Amurka tasha ta 1 zuwa 11 ake amfani da su, wasu ƙasashen har 13. Kwamfutar da aka saita don can tana iya ƙin ganin hotsifot ɗin da ya hau 12 ko 13. Amma a fara gwada mayar da hotsifot ɗin 2.4 dai.

Baban Ummi: Wato kowa ya samu bakin zagin kwamfutata. Alhaji, kai da nake tsammanin za ka ba ni haƙuri a madadin 'yan kasuwarku, kai ne kan gaba.

Alhaji Mai Kwamfuta: A wurina ka saya? Ka janye kalmar cuta, ka janye sabuwa, sai mu yi magana.

Mai iPhone: Ko an gyara ma aikin banza ne. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, wannan kuma ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, babu 'yar na'urar tsaron nan ta TPM 2.0.

Injiniya: Wa ya gaya maka? Ni ina ɗora shi a kan kowace iri.

Mai iPhone: Ta bayan gida.

Injiniya: Yana tashi ko ba ya tashi?

Anti Malama: Baban Ummi ya fita daga zauren fa. Kun kore shi.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita don waɗanda ba su bi daga farko ba. Ɗan'uwanmu ya shigo da fushi ya shafa wa 'yan kasuwa baƙin fenti ba tare da hujja ba, kuma Alhaji, wanda na sani shekara da shekaru, shagonmu ma jere yake, ya warware zancen cikin hikima da dattako. An fahimci cewa kwamfutar lafiyarta ƙalau, laifin sabbin wayoyin nan ne da ake cika musu saituttukan da ba wanda ya roƙa. Mafi yawanmu mun gamsu cewa kayan Landan sun fi na kwali ƙarko. Kawu ya yi ta barkwancinsa kamar kullum, ba mu ɗauke shi da zafi ba, sai dai maganar rajista ba ta dace ba, Injiniya mutum ne da ke taimakon zauren nan. Wani yaro ya kawo wasu lambobi da haruffa, wanda ya gane sai ya gwada, amma ina jan hankalin matasa su riƙa barin manya su gama magana. Na kira Baban Ummi yanzu, ya ce aikin ya tafi, ya tura sakamakon. Bai faɗi yadda ya yi ba, ni kuma ina kyautata zaton nasihar Alhaji ce ta kwantar masa da hankali har ya gano bakin zaren. Duk mai irin wannan matsala, akwai 'yar na'urar Wi-Fi da ake sokawa a USB mai kama zango biyun, sun iso mana ranar Litinin, a same ni ta akwatin sirri. Na rufe wannan batu.

Kawu na Sabon Gari: Shugaba, na'urar taka sabuwa ce ko ta Landan?

Shugaban Zaure: Na ce na rufe, Kawu.