Magani Haƙƙi Ne Ko Sai Mai Abin Biya?

Ɗan Ɗaki Na Tara:
Salamu alaikum. Yau na tashi daga jinya, ga abin da ya zo mini. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ya".

Daren Talata jiki ya ɗau zafi,
Sauron hostel ya zuba mini dafi,
Na ja bargo, sanyi ya fi ƙarfi,
Jarrabawa jibi, ni ko ba lafiya.

Na je kilinik da katina a hannu,
Layi ya miƙe, ana tafe sannu-sannu,
Likita ya duba, ya ce mini sannu,
"Maganin ya ƙare, je ka kemis ka saya."

Na biya TISHIP, inshorar lafiyar ɗalibai, tun ranar rajista,
Ga shaida nan a jikin takardata,
Ku faɗa mini, 'yan'uwa, in huta,
Magani haƙƙi ne, ko sai mai abin biya?

Ɗalibar Shari'a:
Sannu, Malam, Allah ya ƙara sauƙi,
Maganar tana cikin tsarin mulki,
Na 1999, sashe na 17 ya ba gwamnati aiki,
Ta tanadi asibiti ga kowa baki ɗaya.

Sai dai Babi na Biyu ne ya ɗauke shi,
Sashe na 6 kuma ya ɗaure ƙafarshi,
Alƙali ba ya jin ƙara a kanshi,
Ga tuwo a kwano, an hana ka miya.

Dokar lafiya ta 2014 ta ɗan kyauta,
Ta ce mai gaggawa kar a kore shi a tabka asara tata...

Kai, wannan ɗangon ya ƙi zama, ku yi haƙuri. Nufina, doka ta hana asibiti korar wanda aka kawo rai a hannun Allah.

Ɗan Lissafi:
Ranki ya daɗe, Barista, na ji batunki,
Amma takarda ba ta sauke zafin jiki,
Allura kuɗi ce, nas ma tana jiran albashin aiki,
Kwalbar ƙarin ruwa ba ta tsira a bishiya.

A Abuja, 2001, shugabannin Afirka sun zauna,
Kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya suka ce a auna,
Har yau Gwamnatin Tarayyar Najeriya ba ta kai ba, ku tuna,
Haƙƙin da ba asusu, ai tatsuniya.

A 2022 an ce inshora ta zama dole,
Ni nan na tsaya: kowa ya zuba, a daidaita ƙalubale,
Mai cewa kyauta, ya faɗi wa zai biya.

Mai Farar Riga:
Ɗan Lissafi, zo ɗakin yara ka kwana,
Uwa ta shigo da goyo, jikinsa na ƙuna,
An rubuta sirinji da ruwa, ta tsaya tana aunawa da idona,
Ta kwance bakin zane, ɗari biyar ce ɗaya.

Mijin ya koma ƙauye ya sai da akuya,
Kafin ya dawo dare ya riga ya juya,
Mu ɗalibai muka turo wa juna kuɗi a waya,
Wannan yaron wace inshora zai biya?

Manyanmu kuwa, mai fasfo ya shirya,
Wani Ingila, wani ya nufi Saudiyya,
Ban zarge su ba, na ga abin da suke sha a jinya.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaisuwa, 'yan'uwa na kudu,
Tun 2006 a Nijar aka yi shiri babu gudu,
Yaro ƙasa da biyar, da mai tiyatar haihuwa, sun haɗu,
Kyauta ne a likita, in ji doka, ba ƙarya.

Sai dai gwamnati kan makara da biyan bashi,
Kantar magani ta bushe, majo, babban nas, ya rasa yadda zai da shi,
Mu 'yan jami'a mun wuce biyar, sai mu ɗauki rashi,
Jikka biyu a aljihu, ka nufi kantin magani ka saya.

Ɗan Ɗaki Na Tara:
Na gode, Barista, na gode, Likita,
Ni dai 'yan ɗaki ne suka yi karo-karo na huta,
Wani ya fasa handawut, wani gari ya jiƙa da ƙuli ya kwanta,
Aka sayo allurar, aka dama mini kunun tsamiya.

Jarrabawar na rubuta hannu na rawa,
Risit ɗin TISHIP na nan a jaka ina adanawa,
Ɗan Lissafi, kai da kake ta musawa,
Dubu biyunka ce a ciki, sai Baba ya turo in biya.