Musayar Waƙa: Tarik Aziz, Bakin Saddam

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum. Ga baitocina kan Tarik Aziz, ministan harkokin wajen Iraƙi daga 1983 zuwa 1991. Mai amsa ya amsa da waƙa.

A yankin Mosul aka haife shi, 1936,
Kirista, Mika'ilu Yuhanna sunan farawa.
Ya karanci Turanci a jami'ar Bagadaza,
Jaridar jam'iyyar Ba'as shi ke tacewa.
Da Saddam ya hau karaga a 1979,
Mataimakin firaminista ya samu hawa.
Ran 9 ga Janairun 1991 a Jeniba,
Baker, ministan wajen Amurka, ya miƙo wasiƙar Shugaba Bush ga Saddam mai tsoratarwa.
Ya karanta ya mayar da ita kan tebur,
Ya ce babu ladabi cikinta, ba ya kaiwa.
Namiji ke nan, ya dubi Amurka ido da ido,
Ranar da manyan sarakuna ke sunkuyawa.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Ƙanena Ɗan Kurmi, ka yabi harshe,
Ka tsallake gawarwakin da harshen ya rufe su.
Halabja, Maris 1988, iskar guba ta sauka,
Kurdawa kusan dubu 5, mata da 'ya'yansu.
Wa ke bin manyan birane da sigari a hannu,
Yana wanke gwamnatin da ta kashe su?
'Yan kasuwa 42 a shekarar 1992,
Kan tsadar kaya aka yi gaggawar hallaka su.
A 2009 kotu ta ɗaure shi shekara 15,
Ta ce da hannunsa cikin jininsu.

Malam Na Zazzau:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin faɗi gaskiya,
Sai dai kotun ma a dube ta da kyau ainun.
A Afrilun 1980, a jami'ar Mustansiriyya,
An jefa masa gurneti, ya tsira da ƙyar a taron.
Aka ɗora wa jam'iyyar 'yan Shi'a ta Da'awa, aka bi ta da kisa,
Watanni kaɗan, yaƙi ya ɓarke da Iran.
A 2010 ɗan Da'awa, Maliki, ke riƙe da gwamnati,
Sannan aka yanke masa kisa, ki dubi lokacin.
Fadar Fafaroma ta roƙa a bar shi da rai,
Shugaba Talabani ya ƙi sa hannu kan hukuncin.

Ɗan Kurmi:
Na gode Malam. Hajiya, a ba shi ko da guda:
Ya miƙa kansa ga sojojin Amurka a Afrilun 2003, bai gudu ba.
A 2006 ya shiga kotu, jiki duk ya lalace,
Ya ba da shaida don Saddam, bai juya baya ba.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Malam, ban musa ba, ramuwa ta shiga shari'ar,
Ni ma ban so a rataye tsoho mai jinya ba.
Amma ƙanena, shari'ar da ka ambata ta garin Dujail ce,
Mutum 148 aka kashe, ba ka kira su ba.
Yana majalisar juyin juya hali, kusa da maigida,
Ana kwasar mutane, bai ajiye muƙami ba.
Ya rasu a tsare a Nasiriyya, Yunin 2015,
Madaba ta Jodan ta karɓe shi, bai rasa kabari ba.
Iyayen Kurdawa na bin ramukan da aka tono,
Da yawa har yau ba su ga ƙashin ɗansu ba.
Ka rera musu ko baiti biyu tukuna, Ɗan Kurmi,
Kafin nan ba zan karɓi yabon ministan ba.